Hula Ba Ta Kumburi

Duk wanda ya taɓa kai wankin hula bakin kasuwar Haɗeja ya san Malam Bunu, in bai san sunansa ba to ya san bakinsa. Shi ne dattijon nan siriri da ke zama a ƙarƙashin rumfar kwano, gwangwanaye jere a gabansa, kowanne sanye da hular da ke shan rana. Shekara arba'in da 'yan kai yana wannan sana'a. Mahaifinsa daga bakin tafkin Cadi ya zo da fataucin bandar kifi, ruwan Haɗeja ya karɓe shi, ya yi zamansa. Shi kuwa Bunu tun yana ƙarami ƙarnin kifi ke tayar masa da zuciya, don haka ya bar wa 'yan uwansa komar kamun kifi da kwando, ya kama sabulu da burushi.

Abin alfaharinsa a duniya idonsa ne. Mutum zai tunkaro rumfar daga nesa, kafin ya yi sallama Bunu ya ce, "Ashirin da biyu da rabi." A ɗauko tef a auna kan, haka ɗin ne. In ka yi masa musu ya ce ka je ka tambayi wanzaminka. Yakan ce riga tana ƙarya, takalmi yana ƙarya, amma kai ba ya ƙarya, kuma idon Bunu bai taɓa kuskuren kai ba. Mutane suna masa dariya, suna kuma dawowa, don babu mai tsayar da hular zanna ta tsaya ƙyam kamar shi.

'Ya'yansa maza biyu ne da matarsa Zainaba. Na farin shi ne Bakari, wanda Zainaba ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. Bakari manomin shinkafa ne a fadamar da ke hanyar Kirikasamma, ƙato, mai ɗaukar buhu shi kaɗai yana waƙa. Wata shekara bayan girbi fuskarsa ta fara cika. Mutane suka ce hutu ne, shinkafa ta yi kyau. Shi kansa Bunu, mai ido, ya ce yaron ƙiba yake yi. In an tambayi Bakari sai ya ce, "Lafiya lau, Baba." Haka ya yi ta faɗa har ranar da ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, ta ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta dubi Bunu ta ce ƙoda ce, kuma sun makara.

A ƙasar Haɗeja ba sai an yi wa mutum dogon bayanin wannan ciwo ba. Da wuya ka sami unguwar da bai shiga ba. Wasu su ce ruwan sha ne, wasu su ce maganin feshi ne, wasu su ce Allah ne kaɗai ya sani, kuma su ne ba a iya yi wa musu. Wata bakwai aka yi ana kai Bakari Kano wankin ƙoda a tsohuwar motar maƙwabcinsu Malam Haruna, Kirista ɗan kudancin Kaduna da ya shekara talatin yana koyar da aikin lantarki a garin. A wata na takwas aka binne Bakari. Bunu bai yi kuka a gaban kowa ba. Abu biyu ya kwaso daga wannan jinya. Ya koyi danna ƙauri da yatsa, ya kuma tsani kalmar "lafiya lau" har cikin ransa.

Saura Abdulfattah, ƙaramin. Shi boko ya yi, har ya sami aiki a wani gidan talabijin a Abuja, yana gabatar da shirin manoma da Hausa duk Talata bayan la'asar, a maimaita Laraba da hantsi. Don a riƙa ganinsa ne Malam Haruna ya kafa musu dish a kan soro, ya haɗa dikoda da tsohuwar talabijin ɗin Bunu, irin mai ƙaton ƙeyar nan da sai mutum biyu suke ɗagawa. Duk Talata Bunu yakan rufe rumfa da wuri. Ba ruwansa da takin zamani ko irin shinkafa. Hular yaron yake duba, ya ga ko ya karkata ta yadda ya koya masa.

Shekarar da ruwa ya karya jinga ya shigo unguwarsu, dikoda ta tsira don tana saman kabad, amma talabijin ta sha ruwa ta mutu murus. Suka daɗe ba sa ganin Abdulfattah sai dai muryarsa a ƙaramar wayar Bunu mai madannai. Aiki kuma ya riƙe shi, ko sallah bai zo ba, wata tara ke nan ba su sa shi a ido ba. Sai ga wani direba ya kawo saƙo daga Abdulfattah a kwali, sabuwar talabijin ta bango, shafal, mai faɗi, da batirin sola. Lokacin hutun makaranta ne, Malam Haruna ya tafi garinsu. Bunu ba shi da haƙurin jira. Ya kira kafinta ya kafa ta a bangon ɗakinsa, suka lalubi inda waya ke shiga suka cusa, hoto ya fito, kafinta ya ce an gama.

Ranar Talata Zainaba ta tafi Islamiyyar matan aure kamar yadda ta saba, tana cewa ita gobe za ta ga maimaici. Bunu ya yi la'asar, ya shimfiɗa buzu, ya zauna da rimot a hannu. Aka buga kiɗan shirin. Abdulfattah ya fito ya yi sallama.

Gaban Bunu ya yanke ya faɗi. Fuskar da ke bango ta Abdulfattah ce, muryar tasa ce, amma kumatun sun cika sun batse, idanun sun ja gefe sun ƙanƙance, wuyan ya yi kauri, yatsun da ke riƙe da takarda sun yi suntum. Ya san wannan fuskar. Ya yi wata bakwai yana ganinta a kujerar bayan motar Malam Haruna, a jingine da gilashi. Ya miƙe bai san ya miƙe ba, ya matsa har numfashinsa yana taɓa talabijin, ya ɗora babban yatsa a kumatun yaron ya danna. Gilashi ne, ba ya lotsawa.

Za ka ce ai baƙon da Abdulfattah ke hira da shi ma haka yake, da matar da ta karanta sanarwa, kowa a faffaɗe. Bunu ya gan su sarai. Amma ina ya san su? Ya ce a ransa mutanen Abuja ne, sun ci sun ƙoshi, dama haka Allah ya yi su. Ɗansa ne ya sani. Shi ya auna kan nan tun yana ɗan shekara bakwai. Kuma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi.

Kafin Zainaba ta dawo ya zare wayar da ke bayan dikoda, ya jefa rimot a aljihu. Da ta tambaya ya ce, "Iska ta karkatar da dish. Sai Malam Haruna ya dawo."

"Ko kaɗan ba ka gan shi ba, Malam?"

"Na ce miki ba ya kamawa."

Ya faɗa da tsawa, abin da ba halinsa ba ne da ita. Ta dube shi, ta ɗauki butarta ta wuce. Shi dai abu ɗaya ya ƙudurta. Matar da ta binne ɗan fari ba tare da ta taɓa kiran sunansa ba, ba zai bari ta ga wannan fuskar a bango ba.

Washegari a rumfa ya kira Abdulfattah. Uba ba ya tsare ɗansa baligi da tambayar jikinsa kai tsaye, sai ya yi ta kewaye.

"Ya aiki?"

"Lafiya lau, Baba. Kun ga shirin jiya? Hoton ya fito da kyau?"

"Ya fito. Kana cin abinci?"

"Sosai ma."

"Kana shan ruwa? Ruwan can mai kyau ne?"

"Baba, na roba muke sha."

Bunu ya murza burushi a hannu. Can ya ce, "Takalminka fa? Yana shiga?"

Abdulfattah ya tuntsire da dariya. "Takalmi kuma? Baba, ko sana'a za ka sauya ne? Lafiya lau nake wallahi."

Lafiya lau. Har sau biyu. Bunu ya kashe wayar. Da yaron ya ce kansa na ciwo, ko ya ce ya gaji, da ya fi masa sauƙi.

Daga ranar barci da abinci suka ƙaurace masa. Zainaba ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ya yi loma biyu ya ture. Ta dama masa kunu, ya bar shi ya yi sanyi. Talata ta biyu ya jira ta fita, ya mayar da wayar dikoda, ya rage murya, ya zauna yana addu'ar Allah ya sa idonsa ne ya yi masa gizo. Fuskar tana nan yadda take, a ganinsa ma ta ƙaru. Ya riƙa lissafin watanni yadda suka tafi wa Bakari: watan kumburin fuska, watan ƙafa, watan amai, watan mota. Ya riƙa tambayar kansa a wanne Abdulfattah yake. Ya yi tunanin ya hau mota zuwa Abuja, amma me zai ce wa Zainaba, shi da bai taɓa wuce Kano ba? Ya yi tunanin ya kira ya ce yaron ya zo maza, sai ya tuna in ya zo uwarsa ce za ta fara buɗe masa ƙofa.

Aiki ma ya lalace. Alhaji Tukur mai shagon taki, wanda ya shekara ashirin yana kawo masa wanki, ya zo karɓar hulunansa, Bunu ya miƙa masa na wani. Alhaji ya ɗora ɗaya a ka ta zurma har gira. 'Yan rumfa suka fashe da dariya, wani ya ce yau idon Malam Bunu ya tafi hutu. Da can da ya rama da baƙar maganar da za a kwana uku ana maimaitawa. Ranar haƙuri kawai ya bayar. Ran Juma'a kuma ya ɗauko takalminsa na fata, sau-ciki, ya yi ta fama ya ƙi shiga. Ya ce fata ce ta ƙanƙance tun ambaliya, ya zura silifa ya tafi masallaci. Hankalinsa ba ya kan ƙafarsa, yana Abuja. Da aka idar ya biya ta maƙabarta, ya tsaya daga bakin katanga, ya kasa shiga.

A mako na uku Malam Haruna ya dawo. Ranar Talata da azahar ya shigo zaure da tsarabar citta da kwalbar zuma, ya ga maƙwabcinsa, ya ajiye kayan a hankali.

"Malam Bunu, me ya same ka? Ka ga yadda ka zube kuwa?"

Bunu ya buɗe baki zai ce ba komai, sai ya tuna wannan mutumin ne ya riƙe wa Bakari roba yana amai a hanyar Kano, bai taɓa yamutsa fuska ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ya leƙa cikin gida, ya rage murya.

"Malam Haruna, abin nan ya dawo min gida. Ya kama ƙaramin."

"Subhanallahi. Shi ya faɗa maka?"

"Su suna faɗa ne? Da idona na gani."

"A ina? Ya zo ne?"

"A talabijin. Ka bari a yi la'asar uwarsa ta fita, ka zo ka gani. Ina so ka ce min motarka za ta iya Abuja."

Malam Haruna ya ce zai dawo. Bayan la'asar Zainaba ta yafa hijabi ta ɗauki jakar littattafanta ta fita. Bunu ya shigo da maƙwabcinsa ɗaki, ya tura ƙofa, ya mayar da waya. Aka buga kiɗan shirin. Abdulfattah ya fito cikin farar shadda da zanna mai ruwan ƙasa. Bunu ya kawar da kai, ya zuba wa fuskar Malam Haruna ido, yana jiran ya ga abin da ya gani a fuskar ma'aikaciyar jinyar nan.

Malam Haruna ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallo. Ya matsa kusa, ya ja baya. Bunu ya zauna a bakin gado.

"Faɗa min kawai," in ji shi. "Na saba ji."

"Malam Bunu, hular nan da ke kansa, ka san ta?"

Bunu ya ji haushi ya taso masa. Ana maganar rai, mutum yana maganar hula. "Ni na zaɓa masa ita a hannun 'yan Maiduguri. Ni na wanke ta na ɗora ta. Ashirin da biyu ce cif."

"Zanen da ke jikinta fa, wane iri ne?"

"Zagaye ne, kamar kwabo, guda takwas."

"To dubi kwabon naka."

Bunu ya ɗaga kai. Mako uku yana kallon fuskar nan, bai taɓa ɗaga ido sama da gira ba, shi da duk rayuwarsa hula yake fara gani kafin mutum. Zagayen da ya sani sun baje sun zama kamar ƙwai a kwance. Hular kanta ta yi faɗi ta gajarce, ta fi ƙarfin ashirin da huɗu. Babu gwangwanin da zai cika ta a rumfarsa.

"Wannan ba..." Ya tsaya. "Hula ba ta kumburi."

"Ba ta yi," in ji Malam Haruna. "Agogon bangon da ke bayansa ma ba ya yi, ga shi can ya zama kamar gurji. Ba ni rimot ɗin dikoda."

Ya karɓa ya danna, rubutun Turanci ya rufe rabin hoton. Yana dannawa yana bayani a hankali, irin na malamin da ya saba da ɗalibai masu taurin kai. Ya ce lokacin da ya haɗa dikodar nan, ya saita ta ne daidai da tsohuwar talabijin, wadda faɗinta da tsayinta kusan ɗaya ne. Har yau hoton wancan awon take aikowa, ba wanda ya gaya mata an yi sabuwa. Ita kuwa sabuwar mai faɗi ce, ba ta son ta bar fili a gefe, sai ta kama hoton ta ja shi dama da hagu har ya cika bango.

"Kamar ka ɗauki hula ashirin da ɗaya ka tursasa ta a gwangwanin ashirin da huɗu," in ji shi. "Ga shi nan, an rubuta huɗu da uku. Sha shida da tara ya kamata."

Ya danna. Hoton ya ɗauke, bango ya yi baƙi na ɗan lokaci, zuciyar Bunu ta tsaya tare da shi. Sannan ya dawo. Ga Abdulfattah, siriri kamar ubansa, da dogon wuyansa da ƙashin kumatunsa a fili, yana tambayar wani manomi yadda ake yaƙi da ciyawar kacala a fadama. Har gefen tebur da wata tukunyar fure da da ba a gani suka fito.

Bunu bai yi murna ba tukuna. Tsoron da ya yi mako uku a ƙirji ba ya fita da danna maɓalli ɗaya. Ya dubi maƙwabcinsa da zargi.

"Malam Haruna, tsakaninka da Allah. Ba matse shi ka yi ba don ka kwantar min da hankali? In na'ura tana iya faɗaɗa mutum, ai tana iya rage shi."

"Tana iyawa. Shi ya sa ba fuskar za ka duba ba. Dubi hularka."

"Mayar da shi yadda yake."

Ya mayar. Fuska ta baje, kwabo ya zama ƙwai.

"Dawo da shi."

Ya dawo da shi. Sau uku Bunu yana sa shi, Malam Haruna bai ƙosa ba. A na ukun Bunu ya tashi ya je jikin talabijin, ya auna zagayen hular da yatsa, a tsaye da a kwance. Daidai suke. Ya ja baya ya ƙanƙance ido yadda yake yi a rumfa, ya ce a hankali, "Ashirin da biyu."

Sai suka ji wani sauti a bakin ƙofa. Zainaba ce a durƙushe, hijabinta a fuska, jakar littattafai a ƙasa, kafaɗunta suna girgiza. Ba ta je Islamiyyar ba. Ta ga shigowar Malam Haruna daga bakin lungu, ta tabbata an zo shirya tafiya asibiti ne, ta dawo ta laɓe.

"Ke kuma tun yaushe..." in ji Bunu.

"Tun Larabar farko, Malam." Muryarta a dishe. "Kana fita kasuwa na mayar da wayar. Ai akwai maɓalli a jikin dikodar, ba sai da rimot ba. Na gan shi. Na ce in na faɗa maka zuciyarka ba za ta ɗauka ba, kai da ko kukan wancan ba ka yi ba. Sai na zare na mayar yadda ka bari."

Mako uku ke nan suna kwana gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa abu ɗaya, tana dafa abincin da ba ta iya ci, yana ture abincin da ba ya iya ci. Malam Haruna ya ajiye rimot a kan gado, ya ce bari ya je ya duba ko an kawo wuta, ya fice ya ba su wuri.

Da ta share hawaye ta ce akwai saura. Shekaranjiya ta ari wayar maƙwabciya ta kira Abdulfattah. Ba ta iya ce masa ta ga fuskarsa ba, sai ta ce masa ubansa ba ya cin abinci, ya rame, ya zo. Ya ce yana tafe ran Asabar.

Ran Asabar Bunu bai buɗe rumfa ba. Tun hantsi yake zaune a tsakar gida a kan tabarma, kunnensa a ƙofa. Hoto ya gyaru, ya yarda, amma hoto hoto ne. Duk babur ɗin da ya tsaya a lungu sai ya ɗaga kai. Wajen azahar aka yi sallama, Abdulfattah ya shigo da jaka a kafaɗa, ƙurar hanya a gira, siriri, dogo, zannar nan a karkace yadda aka koya masa. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya matso gaban ubansa ya zauna.

Rabon Bunu da ya taɓa jikin yaron nan tun yana firamare. Ya miƙa hannu ya kama ƙafarsa, ya ɗage wandon, ya ɗora babban yatsa a ƙauri ya danna da ƙarfi, ya riƙe. Zainaba ta tsaya da kofin ruwa a hannu. Ya ɗaga yatsan. Naman ya taso nan take, sumul, ko alama babu. Ya kama ɗayar ya danna. Ita ma haka.

A nan ne Malam Bunu ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka binne Bakari. Ya yi shi da murya, a tsakar gida, da rana tsaka, ba kunyar kowa. Zainaba ta ba Abdulfattah labarin talabijin tana kuka tana dariya, shi kuma ya rasa wanne zai yi.

Amma Abdulfattah ma a gidan nan ya girma. Yana ɗan sakandare lokacin jinyar yayansa, shi ma ya ga yadda ake dannawa. Da ubansa ya miƙe ƙafa don ya gyara zama, idon yaron ya sauka a kan silifa, inda igiyar roba ta nutse a cikin nama. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Baba, ina sau-cikinka?"

"Fata ce ta ƙanƙance."

"Miƙo ƙafar in gani."

Bunu ya janye ƙafafunsa ya cusa su ƙarƙashin riga. Sai yanzu ya bari abin ya iso masa: nauyin da yake ji da safe, silifar da take barin zane, takalmin da ya shekara biyu bayan ambaliya yana shiga lafiya. Idon da ke auna kan mutum daga nesa bai taɓa sunkuyawa ya dubi ƙasa ba, ko kuwa ya duba ya kawar. Tsoro ya sake rufe shi, amma wannan karon bai kai nauyin wancan ba.

Ya dubi matarsa, ya dubi ɗansa. A hankali ya fito da ƙafar dama ya ɗora a cinyar Abdulfattah. Yaron ya danna, ya riƙe, ya ɗaga. Wurin ya lotsa. Su uku suka zuba masa ido suna jira ya taso, bai taso ba.

"Baba," in ji Abdulfattah, "ya kake jin jikinka? Tun yaushe?"

Kalmar ta zo har bakin Bunu, don ita ce ke zuwa bakin kowa. Ya ji ɗanɗanonta, ya haɗiye ta.

"Ba lafiya ba," in ji shi. "Ya kai wata biyu. Je ka ce wa Malam Haruna ya duba man motarsa. Yau za mu je, ba gobe ba."